Akwatin Koci: Kafin Ka Biya Kuɗin Raket, Ɗora Shi a Sikeli

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan ƙwallon raga da tanis suka zo, wataƙila don makarantu sun shiga shirin gasar wasanni. Na tsamo takwas. Masu turo mini tambayar wanda zai ci Firimiya su yi haƙuri, wannan ba rumfata ba ce.

Tambaya: Koci, 'yar robar nan da ake maƙalawa a igiyar raket, an ce tana hana ciwon gwiwar hannu. In saya? Daga wani ɗalibi a Samaru, Zariya.

Amsa: Saya in kana so, ɗana, amma ka san kunnenka ka yi wa sayayya. Aikinta ta kashe ƙarar da igiya ke yi idan ƙwallo ya dake ta. Girgizar da ke shiga hannu kuwa daga jikin raket ɗin take zuwa, ta bi ta mariƙi, kuma robar da nauyinta bai wuce 'yan giram kaɗan ba ba za ta iya tare ta ba. Andre Agassi, da duk kofunan da ya ci, robar ɗaure kuɗi yake ƙullawa a nasa. Ka roƙi guda a wajen mai POS.

Tambaya: Malam, ni malamin motsa jiki ne a wata sakandaren gwamnati, ina horar da 'yan ƙwallon raga. Na ga wata 'yar na'ura a intanet da ake ɗaurawa a ƙugu tana auna tsallen ɗan wasa. Shugaban makaranta ya ce in rubuto abin da muke buƙata, amma na san kuɗin da za a ba mu bai taka kara ya karya ba. In sa ta a ciki? Daga Gusau.

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka damu da auna yaranka, mutane da yawa da ido kawai suke yanke hukunci. Na'urar gaskiya ce. Irin su VERT manyan ƙungiyoyi suna amfani da su, sai dai abin da ya fi kai su gare ta shi ne ƙirga yawan tsallen da ɗan wasa ya yi a mako, don a san ranar da za a hutar da gwiwarsa. Kai da kake da yara ashirin da ƙwallo uku, kada ka sa ta a takardar.

Alli da bango sun ishe ka. Yaro ya shafa alli a yatsa, ya tsaya jikin bango ya miƙa hannu iya tsawonsa ya yi alama, sannan ya yi tsalle ya sake dangwalawa. Tazarar da ke tsakanin alamun biyu ita ce tsallensa. Tun 1921 wani Ba'amurke, Dudley Sargent, ya bayyana wannan gwaji, har yau kuma ba a daina ba.

In kana son abin da ya fi haka, duba wayarka ko tana ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya, wato hotuna 240 a daƙiƙa ɗaya. Ajiye ta a ƙasa tana kallon ƙafafun yaron. Ƙirga hotunan daga inda yatsun ƙafarsa suka bar ƙasa zuwa inda suka taɓa ta, ka raba da 240, ka sami lokacin da ya yi a sama. Ninka wannan lokaci da kansa, sannan ka ninka da 123, amsar santimita ce. Rabin daƙiƙa a sama tsallen santimita 31 ke nan, daƙiƙa 0.6 santimita 44, daƙiƙa 0.7 kuwa santimita 60. Abu biyu ka kiyaye. Yaro mai wayo zai naɗe ƙafa a sama don ya jinkirta sauka, lissafi ya ba shi abin da bai yi ba, saboda haka ya sauko ƙafa a miƙe kamar yadda ya tashi, sai ya taɓa ƙasa sannan ya lanƙwasa. Na biyu, kada ka yi da bidiyo na yau da kullum mai hotuna 30 a daƙiƙa, don kuskuren hoto ɗaya tak a can ya kai santimita 5. In makarantar na da kwamfuta, akwai manhajar Kinovea, kyauta ce, tana tsayar da bidiyo hoto bayan hoto har ta auna maka lanƙwasar gwiwa.

Abin da masana ilimin motsin jiki ke yi a ɗakunan bincikensu ke nan, illa su suna da kyamarori birjik, da 'yan ƙwallaye masu ƙyalli da ake mannawa a gaɓoɓi, da faranti a ƙasa mai auna ƙarfin taku. Tambayoyinku ɗaya ne da su. Ka duba takun da ke zuwa kafin na ƙarshe idan yaro ya taho zai yi tsalle, ko yana da tsawo da sauri. Ka duba ko hannaye biyu sun koma baya sosai kafin su watso sama. Ka kuma ɗauki saukar yaron ta gaba, za ka ga dalili a amsar da na ba wata uwa nan ƙasa. Kuɗin shugaban makaranta kuwa, a sayi ƙwallaye da raga da famfon iska mai ma'auni.

Tambaya: Koci, abokina ya zo da wani awarwaron roba daga Dubai mai ɗan abu kamar madubi a jiki. Ya ce yana daidaita wutar jiki, tsalle ya ƙaru da santimita 10. Ya gwada a kaina, na tsaya da ƙafa ɗaya ya danna hannuna na faɗi, da na saka ya danna ban faɗi ba. Zai bar mini a naira 15,000. Daga wani matashi a Maraɗi mai karatu a Katsina.

Amsa: Kai, ɗan nan! Har ka kashe data ka turo wannan? Dabarar tsohuwa ce. Karon farko ya danna hannunka yana jan ka waje, karo na biyu ya danna yana tura ƙarfin wajen ƙafar da kake tsaye a kai, ga shi kuma ka riga ka san abin da ke zuwa ka ɗaure jiki. Ka ce ya rufe maka ido, wani na uku ya riƙa saka maka ko ya cire ba tare da shi mai dannawar ya gani ba, ka ga inda wutar za ta shiga. Wani kamfani mai suna Power Balance ya sayar da irin wannan awarwaro ga duniya, har manyan 'yan wasa suka saka. A 2010 hukumar kare masu saye ta Ostireliya ta tilasta masa ya fito fili ya ce ba shi da wata hujjar kimiyya, a 2011 kuma ya shigar da takardar karayar arziki. Ragowar ne ake ta kwafa ana kawo muku.

Ragar maza tsayinta mita 2.43 ne, ta mata 2.24, kuma ba ta san awarwaro ba. Cinya da ɗuwawu da sha-raɓa ne ke ɗaga mutum, sai lilon hannu da kyan taku. Wata uku na tsugunne-tashi da nauyi daidai ƙarfinka, da tsallen igiya, da barci, za su ba ka abin da alli zai shaida. Dubu goma sha biyar ɗin ka ci wake da ƙwai.

Tambaya: Ranka ya daɗe, shekarata 52, ina buga tanis da yamma sau uku a mako. Wata biyu da suka wuce na sayi raket Babolat Pure Drive sabo fil a leda a naira 45,000, mai shagon ya ce kai tsaye daga kwantena ya sauko, shi ya sa ya yi sauƙi. Mai saka igiya ya ba ni shawara na sa irin ta ƙwararru, ya ja ta tamau. Yanzu gefen gwiwar hannuna na waje ciwo yake, ko buta ba na iya ɗagawa da shi. Wani ya ce in je a yi mini allura a wurin. Me ka gani? Daga wani ma'aikaci mai shirin ritaya a Kaduna.

Amsa: Alhaji, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ciwon zai warke in sha Allahu, zan zo kansa. Amma ka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi, sai ka yi haƙuri da ni.

Raket ɗin nan da ka ambata, a ƙasashen da ake sayar da shi a shagon kamfani kuɗinsa ya haura dala 200. Kai ka san yadda dala take yau a Wapa. Yi lissafin da kanka, ka ɗora kuɗin jirgi da na kwastan da ribar mai shago, sannan ka gaya mini wace irin kwantena ce wannan da take sauke kaya ƙasa da kuɗin da aka saro su. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da ke ba ni haushi, masu faɗawa wannan rami ba jahilai ba ne. Mutumin da zai yi awa guda yana murza shadda a Kwari yana ɗaga ta a rana don ya bambance gezna da kwaikwayonta, shi ne zai karɓi raket a leda ya biya bai ko juya shi ba, don kawai ya ga suna da fenti irin na talabijin.

Ni ma an taɓa yi mini, shi ya sa nake zafi. Shekarun baya na sayi wani a wani shago, na yi sati uku ina taƙama da shi a fili, rannan na kai wa wani ƙwallo duka sai na ji ƙas a wuyansa. Haushi ya sa na kai shi wajen mai walda na ce ya yanka mini. Abin da muka tarar bututun alminiyam ne aka lulluɓe da wani baƙin abu aka yi masa fenti, cikin mariƙin kuma an cusa wani ƙulli kamar ƙwanƙi don ya yi nauyi a hannu. Mai waldar ya jujjuya guntun ya ce, "Malam, wannan ai ƙafar kujerar biki ce." Har yau guntun na cikin durowata, ina nuna wa iyayen yara.

Me ya sa abin ya wuce asarar kuɗi? Ƙwallon tanis nauyinsa tsakanin giram 56 ne da 59.4, kuma zamansa a kan igiya idan an doke shi bai wuce kashi 5 cikin 1000 na daƙiƙa ba. A wannan ɗan ƙiftawa duk ƙarfin karon sai ya sami inda ya tafi. Wani kaso igiya ta shanye, wani jikin raket, abin da ya rage ya bi mariƙi ya shiga wuyan hannu ya haura. Kamfanonin gaske suna kashe kuɗi a kan yadda za a jera zaren girafait, wato abin da ake ƙera jikin raket na asali da shi, inda nauyi zai zauna, da yadda raket zai ƙi murɗewa idan ƙwallo ya sauka a gefe. Mai jabu fenti kawai ya kwafa. Raket ɗinsa na iya fin abin da aka rubuta nauyi ko ya gaza, nauyin na iya taruwa a kai, kuma duk dukan da bai faɗa tsakiya ba sai ya nemi juyawa a hannunka. Kai kuma ka ƙara damƙewa ba ka sani ba. Naman da ke ɗaga wuyan hannu, wanda ya kwanta a bayan damtsen ƙasa, jijiyarsa a wannan ɗan ƙashin na gefen gwiwar hannu ta kama. Nan ne ake biyan bashin, duka ɗari bayan ɗari.

Ga abin da za ka yi gobe da safe. Nemi sikelin da ake auna fulawa ko na masu gwal. Pure Drive na asali giram 300 ne ba igiya, igiya ta ƙara masa kamar 15 zuwa 20. Kamfani kan sami saɓanin 'yan giram kaɗan, amma in ka ga ya kauce da 20 ko 30, magana ta ƙare. Duba rubutun jikinsa ko ya yi dishi-dishi, duba murfin gindin mariƙi ko tambarin a karkace yake, duba robobin da igiya ke bi ta cikinsu ko suna da kaushi kamar an yanka da reza. In akwai wani a kulob ɗinku mai irinsa da ya saya a hannun dila na gaske, ku jera su. Kuma daga yau, duk mai shagon da ya hana ka ɗora raket a sikeli, yi masa sallama. Raket na hannu na asali, wanda wani ɗan wasa ya gaji da shi, in babu tsagewa, ya fi sabon jabu sau goma, sau da yawa ma kuɗinsu ɗaya.

Tun da na fara, bari in ƙarasa, don cutar nan ta shiga ƙwallon raga ma. Mikasa V200W, mai ruwan ɗorawa da shuɗi, shi ne ƙwallon gasannin hukumar duniya tun 2019, kuma ba a daɗe ba kwaikwayonsa ya cika gari. Doka ta ce nauyin ƙwallo giram 260 zuwa 280. Na sha ɗaukar wanda aka kawo wa makaranta a kwali da sunan gudummawa, in ji shi kamar kabewa, fatarsa kamar ledar kujerar mota. Yarinya 'yar aji ɗaya ta tare irin wannan sau biyu, damtsenta ya yi jawur, gobe ba za ka sake ganinta a fili ba, a ce wai ba ta da sha'awa. Masu sayo wa makarantu kaya, ku ji tsoron Allah. Na asalin ma, a sani, don ɗakin wasa aka yi shi, siminti cinye shi yake. In filinku na waje ne ku nemi wanda aka yi domin waje.

To, igiya. Wadda aka sa maka foliyesta ce. Ta yi suna tun da Gustavo Kuerten ya ci gasar Faransa da ita a 1997, don tana ba mai duka da ƙarfi damar murza ƙwallo. Tauri gare ta, kuma tana mutuwa da wuri ko ba ta tsinke ba. An yi ta ne don samari masu tsinka igiya duk sati. Kai a yanke ta yau, a sa maka ta nailan mai laushi, a ja ta kilo 22 ko 23. Igiya sassauƙa ta fi tura ƙwallo, ta fi kuma tausaya wa hannu. Ka daina barin raket a but ɗin mota a zafin Afrilu. Mariƙi kuma, in ka riƙe, ya zama ɗan alin ɗaya hannun zai shiga tsakanin yatsunka da tudun tafinka. In za a yi kuskure gara ya yi ƙanƙanta, a naɗa masa ƙyalle ya cika.

Sai ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo kana dukan bayan hannu. Ina kyautata zaton za ka ga ƙwallo na riskarka a makare, gwiwar hannu na gaba, wuyan hannu a lanƙwashe. Wannan shi ne dukan da ya fi jawo ciwon ga masu wasan nishaɗi. Juya kafaɗa da wuri, doki ƙwallo a gabanka, ko ka koma hannu biyu, ba abin kunya ba ne.

Allurar da aka ce maka, ta sitiroyid ce. Tana kwantar da ciwon na 'yan makonni, amma gwaje-gwajen da aka bi marasa lafiya har shekara sun nuna waɗanda aka yi wa ita sun fi samun dawowar ciwon. Je ka ga likitan fisiyo. Zai koya maka motsa wuyan hannu da ɗan nauyi, kamar gorar ruwa: ka ɗora damtse a tebur tafin hannu na kallon ƙasa, ka ɗaga da taimakon ɗaya hannun, ka sauke a hankali kai kaɗai. Abin na ɗaukar watanni, mafi yawan mutane kuma suna warkewa cikin shekara. Kada ka mai da diklofenak goro, yana cin ciki da ƙoda. Taramol kuwa ko a hannun yaran fili ka gan shi ka tsawatar, tun Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa.

Tambaya: Malam, 'yata shekararta 16, tana makarantar kwana, tana cikin 'yan ƙwallon ragar makarantarsu. Ta dawo hutu tana kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa, musamman in za ta sauko daga bene ko ta daɗe a zaune. Babanta ya ce a kai ta wajen mai ɗori, ko kuma ta bar wasan gaba ɗaya. Ita kuma kuka take, tana son wasan. Na rasa barci, ina tsoron kada ta gurgunce. Akwai abin ɗaure gwiwa da zan saya mata? Daga wata uwa a Bauchi.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Yadda kika kwatanta, ya yi kama da abin da ake kira gwiwar mai tsalle, kuma da wuya ki sami ƙungiyar ƙwallon raga a duniya da babu mai fama da shi. Jijiyar da ta haɗa ƙoƙon gwiwa da ƙwauri ce ta gaji. Duk saukar da yarinya ta yi daga tsalle, ƙafafunta na karɓar ninkin nauyin jikinta sau da yawa, a kan siminti kuma babu abin da ke rage mata. Ba ya gurgunta mutum. Amma ni daga nesa nake, sai likita ya taɓa ya gani. Ki kai ta asibiti ta ga likitan ƙashi ko na fisiyo a cikin hutun nan.

Mai ɗori a yi masa uzuri a wannan karon. Babu abin da ya karye ko ya goce, murza da ja kuma fama ciwon za su yi. Ki gaya wa Alhaji cikin lalama cewa barin wasa ɗungurungum ma ba ya gyara jijiya, don hutu zalla raunana ta yake, ranar da aka koma ciwon ya dawo. Abin da ake yi shi ne a rage tsalle na wasu makonni, a ƙarfafa cinya da ɗuwawu a hankali. Ta jingina bayanta da bango kamar mai zama a kujerar da babu, ta riƙe daƙiƙa 30 zuwa 45, sau huɗu ko biyar. Daga baya likita ya ƙara mata tsugunno a hankali.

Ga wani abu da za ki iya yi yau a tsakar gida. Ta hau matakala ta farko ta diro, ke kina gabanta da waya kina ɗauka. Ki kalli gwiwoyinta lokacin da ta taɓa ƙasa. In kin ga suna faɗawa ciki kamar za su gaisa, ko tana sauka ƙafa a sandare da ƙara dim, to nan aikin yake. Ta koyi sauka a kan ƙafa biyu, gwiwa na bin saitin yatsun ƙafa, ƙugu ya koma baya, ba ƙara kamar saukar kyanwa. Wannan ya fi muhimmanci ga 'yan mata, don sun fi maza yawan tsinkewar jijiyar da ke cikin tsakiyar gwiwa, kuma irin waccan saukar ce ke kai su.

Sayayya kuwa kaɗan ce. Matashin gwiwa mai soso yana kare ta daga buguwa da ƙasa ne kawai. 'Yar siririyar maɗaurin da ake sawa a ƙasan ƙoƙo tana rage wa wasu zafi lokacin wasa, ba tsada, ki saya in likita ya yarda, amma ba ita ce maganin ba. In kuwa wata rana kika ji ta ce ta ji ƙara a gwiwar, ta kumbura nan take, ko tana sulluɓe mata, ko ta maƙale ta ƙi miƙewa, wannan asibiti ne a ranar. Ki gaishe ta, ki ce Koci ya ce kada ta zubar da rigar wasanta.

Tambaya: Koci, ina da kambas na gudu mai laushi sosai. Zan iya buga ƙwallon raga da shi a filin siminti, ko sai na sayi Asics irin na 'yan wasa? Sau biyu ina targaɗe a idon sawu. Daga wani ɗan bautar ƙasa a Dutse.

Amsa: Duka biyun a'a. Takalmin gudu don tafiya gaba aka yi shi, dunduniyarsa tudu ce mai laushi, in ka yi gefe da sauri sai ƙafarka ta mirgino daga kansa. Na ƙwallon raga na ainihi kuma, ƙasansa roba ce mai ruwan zuma da aka yi don daɓen katako, siminti zai side ta kafin ka gama hidimar ƙasa. Nemi takalmin tanis na fili mai tauri, ko na ƙwallon kwando na waje.

Gwanjo ba laifi, a Ƙofar Wambai ko Kasuwar Barci ana dacewa. Ajiye shi a kan tebur ka leƙa ta baya, in ya karkata gefe bar shi, tafiyar wani ya haddace. Murɗa shi kamar kana matse wanki, in ya murɗu ba gardama ba zai riƙe ka ba. Danna soson tsakiya da babban yatsa, in ya yi tamoji ko yana marmashewa ya mutu, komai kyan samansa. Je kasuwar da yamma ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da kake wasa da ita.

Targaɗe biyu kuwa gargaɗi ne, na uku na hanya. Yawancinsa a ƙarƙashin raga yake faruwa, mutum ya sauko a kan ƙafar abokin hamayya ko ta abokin tarewarsa. A Norway an koya wa 'yan wasa tashi sama sak maimakon faɗawa gaba, aka haɗa musu da atisayen tsayuwa da ƙafa ɗaya, rahoton 1997 ya nuna targaɗen ya ragu da kusan rabi. Sayi maɗaurin idon sawu mai igiya, kuma kullum in kana goge baki ka tsaya da ƙafar da ta ji ciwon.

Tambaya: Ina son sabis ɗina ya yi gudu. In sayi Wilson irin na Federer? Daga wani yaro ɗan shekara 17 a Jos.

Amsa: Raket ɗin Federer, Pro Staff RF97, giram 340 ne ba igiya. Kafaɗarka za ta gaya maka kafin ƙarshen wata. Gudun sabis, wato bugun da ake fara wasa da shi, daga ƙasa yake tasowa: gwiwa ta lanƙwashe ta tunkuɗa, ƙugu ya juya, gangar jiki ta bi, kafaɗa ta murɗa ciki, hannu ya zo a ƙarshe kamar bakin bulala. Kusan rabin ƙarfin daga ƙafafu da gangar jiki yake fitowa. John Isner da ya buga mai gudun kilomita 253 a awa a 2016 tsayinsa ya haura mita biyu, wannan kuma ba a sayar da shi. Riƙe raket kamar za ka sara da gatari, gyara jefa ƙwallonka ya riƙa zuwa wuri ɗaya, ka nemi mai giram 280 zuwa 300. In gasar tanis ta Dala ta zagayo a Kano, roƙi kuɗin mota ka zo ka zauna a gefen fili, ka kalli ƙafafun masu sabis, ka ƙyale inda ƙwallon ya tafi.

Tambaya: Ɗana shekararsa 6. In ba shi tsohon raket ɗina ya fara da shi, tunda zai girma ya same shi? Daga wani uba a Sakkwato.

Amsa: Malam, takalminka ma ka ba shi, zai girma ya same shi. Naka inci 27 ne, shi mai inci 21 yake buƙata, in ya riƙe ya saki hannu ƙasa kan raket ɗin kada ya ja ƙasa. Haɗa masa da jan ƙwallo na yara, wanda ya fi na manya girma da laushi, ba ya tashi ya wuce kansa. Tun 2012 hukumar tanis ta duniya ta hana yi wa 'yan shekara 10 zuwa ƙasa gasa da ƙwallon manya. A wannan shekarun na alminiyam mai araha ya wadatar, nan da shekara biyu ƙaninsa zai gada.